Yadda ake gano matsalar rilen kariya idan ya daina riƙe amana

A kakar da ta wuce wani mai injin casar shinkafa a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure ya aiko a kira ni, saboda birekar da ke gaban taransifomarsa, wato babban makullin da ke yanke wuta, tana faɗuwa sau uku ko huɗu a yini, kuma kusan kullum sai daidai lokacin da aka tayar da injin na biyu. Da na isa na tarar da buhunan shanshera jibge a tsakar fili, leburori kuwa suna zaune a gindin darbejiya suna jiran wuta. Alhajin ya tare ni tun daga bakin ƙofa ya ce, "Injiniya, rilen nan ya tsufa. Ko dai ka cire shi, ko ka ƙara masa lamba mu samu mu yi aiki." Na ce masa, "Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, a ba ni yinin yau kawai. Idan har rilen ne mai laifi, ni da kaina zan kwance shi." Ban kwance shi ba, kuma hanyar da na bi ran nan ita ce zan shimfiɗa a nan, domin ita ce nake bi a duk inda aka ce mini rile ya lalace, a injin niƙa ne ko a tashar ban ruwa ko a ƙaramar tashar rarraba wuta.

Aikin rilen kariya shi ne ya sa ido a kan wutar da ke bin layi, idan ta wuce ƙa'idar da aka saita masa ya umarci bireka ta buɗe kafin taransifoma ko moto ko waya ta ƙone. Amma rile ba ya ganin layin kai tsaye, kuma ba shi ne yake buɗe shi da kansa ba. Wutar layin 11 ko 33, wato bolt dubu 11 ko dubu 33, tana ratsa ƙaramar taransifomar awo da masu aiki suke kira CT, ita kuma ta rage yawan wutar da ke gudana zuwa ma'aunin amfiya 5 ko 1, wayoyi su ɗauko wannan zuwa rile, rile ya rufe ɗan makullinsa, wutar batir ta bi ta nan ta shiga koyil ɗin da ke sakin bireka, sannan sifirin ya fizge birekar ta buɗe. Sarƙa ce mai zobe shida ko bakwai, kuma duk zoben da ya tsinke, rile ake ɗora wa laifi saboda shi ne mai fitila da lambobi a gaban fanel. A iya abin da na gani a ƙauyukan Kano da Jigawa, batir da wayoyi da saiti sun fi rilen kansa yawan jawo matsala nesa ba kusa ba.

Rashin amanar rile iri biyu ne. Akwai wanda yake kayar da bireka alhali layi lafiya lau, akwai kuma wanda matsala take faruwa ya yi shiru. Na farko shi ne mai sa a kira mai gyara, domin yana tsayar da aiki kowa ya gani. Na biyu ya fi haɗari ƙwarai, saboda babu wanda yake sanin yana nan sai ranar da waya ta tsinke ta faɗo cikin gona tana ci gaba da ɗauke da wuta, ko kuwa fidar gaba ɗaya, wato babban layin da ke ba yankin wuta, ta faɗi daga babbar tasha a madadin bireka guda.

Kafin a taɓa komai, sai a tabbatar da tsaron rai. Layin 11 da 33 a jihohin Kano da Jigawa da Katsina yana hannun kamfanin rarraba wuta na KEDCO ne, don haka duk aikin da zai kai mutum kusa da ɓangaren babbar wuta sai an sanar da su an kashe layi, an karɓi takardar izinin aiki, an sa kwado a abin da aka buɗe da shi, an gwada da sandar gwaji an ga babu wuta, sannan an ɗaure layukan uku da wayar atin, wadda ke zubar da wuta cikin ƙasa. Maganar baki cewa an ɗauke wuta ba hujja ba ce, domin wutar da aka ɗauke tana iya dawowa ba sallama, kuma janareton gidan kansa yana iya mayar da wuta baya ta cikin taransifoma idan abin canja layi bai raba su da kyau ba. Akwai kuma ƙa'ida guda da nake maimaita wa yaran da ke koyon aiki a wurina har sai sun haddace: ba a taɓa cire wayar CT alhali layi yana ɗauke da lodi. Idan aka bar bakinsa a buɗe, ƙarfin wutar da ke tashi a kan wayoyin nan biyu yana iya kai dubban bolt, ya kashe mutum ko ya ƙone CT ɗin. Duk lokacin da za a raba rile da CT, sai an fara haɗe bakin CT ɗin da ɗan ƙarfen da aka tanada don haka a jikin fanel.

Matakin farko shi ne tattara shaida, kuma a nan ne aka fi yin asara, domin da zarar bireka ta faɗi, hannun mai gadi ko mai kula da injin yana zuwa ne kan maɓallin gogewa. A hana shi. Tsohon rile mai faifai, irin CDG da har yanzu ake samu a tsofaffin tashoshi, yana sakin wata 'yar tuta a bayan gilashinsa, ita ce kaɗai shaidar da yake bari, kuma idan an mayar da ita shi ke nan. Rilen zamani mai allo, irin MiCOM ko na Siemens ko na ABB, yana ajiye tarihin abin da ya faru: lokaci, da fes ɗin da abin ya shafa, wato wace ce daga cikin wayoyin layi uku, da yawan amfiyar da ya gani a kowane fes, da sashen da ya ba da umarni. A ɗauki hoton allon da wayar hannu, a kuma rubuta a littafi. Lambobin da ke jikin fitilun suna da ma'ana tabbatacciya a duk duniya. Lamba 50 tana nufin wuta ta yi yawa ƙwarai an yanke nan take, 51 tana nufin ta wuce ƙa'ida an yanke bayan jinkirin da aka saita, idan an ƙara harafin N a kansu to wuta ce ta zurare zuwa ƙasa, 87 bambanci ne tsakanin wutar da ta shiga taransifoma da wadda ta fita, 27 ƙarfin wuta ne ya yi ƙasa, 86 kuwa shi ne rilen da yake kulle bireka har sai an zo an sake shi da hannu. A kuma duba agogon rilen, domin sau da yawa na tarar da shi yana nuna wata shekara daban, kuma tarihin da lokacinsa ba daidai ba ne ba ya haɗuwa da abin da mutanen wurin suka gani.

Mutanen wurin su ma shaidu ne, a zauna a tambaye su a natse. Da wane lokaci take faɗuwa? Da dawowar wuta ne, ko sai an ɗora lodi? Da iska ko yayyafi ne? Shin an yi wani aiki a fanel ɗin kwanan nan? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta buɗe mini hanya a injin shinkafar da na ambata, domin mai kula da injin ya ce, "Maigida, ai tun da aka canja CT ɗaya da tsawa ta fasa a damina abin ya fara, sai dai lokacin ba mu cika aiki ba." Fitilar da ke kamawa kuma ta 51N ce. Na rubuta waɗannan biyu na ajiye, ban yi tsalle zuwa can ba tukuna.

Mataki na biyu shi ne a yarda cewa mai yiwuwa rilen gaskiya yake faɗa. Layukan karkara dogaye ne, suna ratsa gonaki da fadamu, kuma abubuwan da ke taɓa su su saki suna da yawa: reshen darbejiya da iskar farkon damina take kaɗawa, jemagu da tsuntsaye a kan sandar giciye, ƙadangare ko maciji a kan taransifoma, waya mai sako-sako da ke haɗuwa da 'yar'uwarta idan zafin bazara ya miƙar da ita. Ƙurar hunturu ma tana da nata, domin takan kwanta a kan kwanukan tangaran da ke riƙe waya wata da watanni, ranar da raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta sai wuta ta bi ta kai ta zurare ƙasa, rana ta fito ta bushe, a zo a duba a ga babu komai. A bi layin da ƙafa ana duba tabon ƙuna da tsagewar tangaran. A kashe wuta a gwada rufin kebul da na taransifoma da mega, wato na'urar auna ƙarfin rufin waya. Idan taransifomar mai tankin mai ce a sama kuma rilen Buchholz ne ya kama, to a tsaya nan, a duba ko iska ta taru a cikin gilashinsa, kada a sake kunna ta sai an gwada man, domin wannan rile yana jin abin da ke faruwa a cikin tanki ne, kuma sake kunnawa a kan matsalar ciki yana iya fasa taransifomar. Idan amfiyar da rile ya rubuta ta ninka lodin wurin sau da yawa, kuma mutane sun ji ƙara ko sun ga walƙiya, rilen ya yi aikinsa, layi za a gyara.

Mataki na uku shi ne batir, kuma da zan zaɓi abu ɗaya da za a riƙa dubawa kowane wata a tashoshin karkara, shi zan zaɓa. Yawancin fanel suna aiki da bolt 110, ƙanana kuma 24 ko 30 ko 48. Jerin batir na bolt 110 irin na dalma yakan ƙunshi ƙwayoyi 55 masu bolt 2 kowace, kuma idan caja tana riƙe da shi ana sa ran ganin kamar bolt 2.25 a kowace ƙwaya, wato wajen 123 ko 124 gaba ɗaya. Inda ake ruɗuwa shi ne, mita tana nuna wannan adadi ko da batirin ya mutu, saboda wutar caja take karantawa. To amma lokacin da matsala ta auku a layi ƙarfin wutar gari yana durƙushewa, caja ta saki, batirin ne kaɗai zai ɗauki nauyin koyil a wannan ƙiftawar ido. Saboda haka gwajin gaskiya shi ne a kashe caja, a bar batirin da lodinsa na ɗan lokaci, a sa maltimita a kansa, sannan a kayar da bireka ana kallon mitar. Ƙa'idar masu ƙera bireka ita ce koyil ɗin saki ya yi aiki daga kashi 70 zuwa kashi 110 cikin 100 na ƙarfin da aka rubuta masa, wato a tsarin bolt 110 kada abin da ke isa koyil ya sauka ƙasa da 77. A auna kowace ƙwaya ita kaɗai, domin guda ɗaya da ta lalace tana durƙusar da jerin duka. A duba kawunan batir, a kankare farin gishirin da ke taruwa a kai, a ɗaure notin, a shafa ɗan giris.

Zafi ne yake cinye batir a ƙasarmu. An ƙiyasta rayuwar batirin dalma ne a kan yanayin maki 20 zuwa 25, kuma abin da aka sani shi ne duk ƙarin maki 10 yana raba wannan rayuwa biyu. A watan Afrilu da Mayu zafin waje a Haɗejiya ko Gumel yana haura maki 40, ɗakin kwano marar taga kuwa ya fi haka, don haka batirin da takardarsa ta ce shekara goma ba zai kai ko kusa ba. Ga kuma doguwar ɗaukewar wuta da ke zuƙe shi ƙarƙaf sau da yawa a mako. Na taɓa tarar da wani wuri inda aka jona cajin wayoyi da fitilar ɗakin gadi a jikin batirin fanel, kuma masu yin haka ba su san cewa abin da ke tsare rayukansu suke zuƙewa ba. Kafin a bar wurin batir, a auna kowane ɓangare nasa zuwa ƙasa. A tsarin da ba a ɗaure shi da atin ba, ya kamata a ga kusan rabi da rabi, kamar 55 da 55 a kan 110. Idan ɓangare ɗaya ya koma kusa da sifiri, wata waya tana taɓa ƙarfe a wani wuri, kuma ranar da ta biyu ta taɓa, ko dai bireka ta faɗi babu dalili ko ta ƙi faɗuwa.

Mataki na huɗu shi ne hanyar da umarni yake bi daga rile zuwa bireka, da birekar kanta. Bayan an kashe layi an ware shi, a rufe birekar babu lodi, a sa rilen ya ba da umarnin saki, ko ta maɓallin gwajinsa ko ta juya faifan da yatsa a hankali har makullin ya haɗu. Idan ba ta faɗi ba, a bi wayar da maltimita daga fiyus zuwa makullin rile, zuwa rilen kullewa idan akwai, zuwa ƙaramin makullin da ke jikin bireka, zuwa koyil, har a ga inda wutar ta tsaya. Ɓera yana cin rufin waya, tsaka tana mutuwa a tsakanin kawunan wayoyi, noti yana kwancewa saboda girgizar injin. Idan wuta tana isa koyil ana jin ƙarar bugunsa amma bireka ba ta buɗe ba, to matsalar ta ƙarfe ce. Tsohon giris da ya sha ƙurar hunturu yakan daskare kamar ƙaro, ya riƙe 'yar sakatar da ke sakin sifirin. A wata tashar famfon ban ruwa a yankin Auyo na taɓa ciro gidan zanzaro daga daidai bakin wannan sakata, laka ce busasshiya da ba ta fi kan babban yatsa ba, kuma ita ce ta hana bireka buɗewa. A lura da bugun farko musamman, domin birekar da ta daɗe a rufe takan yi nawa a karo na farko, a na biyu da na uku kuma ta saki da sauri kamar ba ita ba, alhali bugun farkon nan shi ne irin wanda za ta yi ranar da matsala ta zo. A wanke tsohon giris, a sa irin wanda takardar birekar ta ambata, a toshe ramukan da ƙwari da ɓeraye suke shiga.

Mataki na biyar shi ne CT da wayoyinsa, kuma a nan ake buƙatar haƙuri da ɗan lissafi. Ana fara shi ne da layi a kunne, babu cire komai. A sa mita mai baki, wadda take kama waya ba tare da an yanke ta ba, a kan wayoyin CT guda uku da ke shiga rile, da ta huɗu wadda take dawowa. A kwatanta abin da aka samu da abin da allon rile yake nunawa, da kuma ainihin lodin da aka auna a ɓangaren bolt 415, wato inda wuta ke fita daga taransifoma zuwa injina. Taransifoma mai kVA 500 a layin 11 tana jan kusan amfiya 26 idan ta cika lodi, a ɓangaren 415 kuma kusan 696. Idan CT ɗin 50/5 ne, wato yana mayar da amfiya 50 zuwa 5, cikakken lodi zai ba da kamar amfiya 2.6 a wayar rile. Idan lodin fes uku ya yi kusan daidai, wayar da ke dawowa ya kamata ta nuna abin da bai taka kara ya karya ba.

A injin shinkafar nan, da aka tayar da injin farko na ga kamar amfiya 0.4 a kowane fes, wayar dawowa kuma tana nuna 0.8, ninki biyu cif. Wannan alama ce da ba ta da fassara biyu: an juya kan CT ɗaya. Idan wayoyi biyu da ke fita daga CT na fes ɗaya, masu alamar S1 da S2, suka sauya wuri, maimakon wutar fes uku ta kashe juna a wayar dawowa, sai ta taru ta zama ninki biyu na fes ɗaya, rile kuma ya ɗauke ta a matsayin wutar da ke zurarewa ƙasa. An saita sashen ƙasa na rilen (51N) a kan amfiya 1, wato kashi 20 cikin 100 na amfiya 5, don haka injin ɗaya bai isa ya kai ba, amma da an ƙara na biyu sai a haura. Muka sa aka kashe layi, muka juya wayoyi biyu na sabon CT ɗin, wayar dawowa ta koma kusan sifiri. Da a ce abin da na gani a wayar dawowa daidai yake da na fes ɗaya, da sai in nemi wayar da ta tsinke ko ƙarfen haɗe baki da aka manta ba a buɗe ba bayan wani aiki.

Idan wuta tana kashe, ana tabbatar da kan CT da ƙaramin batirin tocila da mita mai allura: a taɓa batirin a ɓangaren CT da wutar layi ke ratsawa, a ga inda allurar ta karkata, kuma dole CT ukun su karkata gefe guda. A duba farantin kowane ɗaya a ga rabonsu iri ɗaya ne, domin idan ɗaya ya ƙone akan sayo wanda aka samu a kasuwa, 75/5 ya zauna tsakanin 50/5 guda biyu. A duba ajinsa kuma. CT na kariya yana ɗauke da rubutu irin 5P10 ko 5P20, ma'ana kuskurensa ba zai wuce kashi 5 cikin 100 ba har wuta ta ninka ƙa'idarsa sau 10 ko 20. CT na mita, mai aji 0.5 ko 1, an yi shi ne ya ƙoshi da wuri don ya kare mitar, saboda haka idan aka jona rile a kansa, ranar babbar matsala zai nuna wa rile ƙasa da abin da ke gudana. Nisan waya ma yana da tasiri. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 tana da turjiyar kusan om 7.4 a kilomita, to idan fanel yana nisan mita 50 daga CT, zuwa da dawowa mita 100 ke nan, om 0.74, kuma a kan amfiya 5 wannan kaɗai nauyin VA 18.5 ne (VA shi ne ma'aunin nauyin da CT ke ɗauka), ya riga ya wuce ƙarfin CT mai VA 15 tun ba a lissafa rilen ba. Maganinsa waya mai kauri, ko CT mai amfiya 1. A tabbatar kuma an ɗaure wayoyin CT da atin a wuri ɗaya tak, domin wuri biyu yana buɗe wa baƙuwar wuta hanya ta ratsa rile.

Mataki na shida shi ne saiti. A nemi takardar saitin da aka amince da ita a kwatanta da abin da ke cikin rile lamba bayan lamba, har da rabon CT da aka shigar masa da rukunin saitin da yake aiki da shi, domin rilen zamani yana da rukuni fiye da ɗaya. Abu uku ne suka fi kayar da bireka a kan lafiyayyen layi. Na ɗaya, taransifoma tana fizgar wuta mai ninka ƙa'idarta kamar sau 8 zuwa 12 a daidai lokacin kunnawa, na ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma idan an saita sashen 50 ƙasa da haka bireka za ta riƙa faɗuwa da dawowar wuta, wani lokaci ta kama wani lokaci ta ƙi. Na biyu, babban moto da ake tayarwa kai tsaye yana jan ninki shida ko bakwai na ƙa'idarsa har ya ɗauki gudu. Na uku, idan wuta ta daɗe ba ta nan, firji da famfunan burtsatse da injinan niƙa duk suna tashi lokaci guda idan ta dawo. Sai kuma daidaito da rilen da ke sama: ana barin tazarar kamar daƙiƙa 0.3 zuwa 0.4 tsakanin rilen gida da na tashar da ke ba shi wuta, don na kusa da matsala ya riga faɗuwa. Ƙara lamba da ka, irin wadda Alhaji ya nema, tana rushe wannan tazara, kuma da na yi masa haka da sashen ƙasa ya makance ga ainihin matsala alhali juyayyen CT yana nan. Duk canjin saiti a yi shi da lissafi, da sanin injiniyoyin kariya na kamfanin rarraba wuta, a kuma rubuta tsohon adadi da sabo da kwanan wata.

Sai bayan duk waɗannan ake zuwa kan rilen kansa. A haɗe bakin CT, a cire mahaɗin da ke kai umarni ga bireka, a jona na'urar zuba wutar gwaji, irin ta Omicron ko Megger ko ƙaramar da ake juyawa da hannu. A ɗaga wutar a hankali har rilen ya fara motsi, a rubuta adadin, wanda ya kamata ya kasance sama kaɗan da abin da aka saita. Daga nan a gwada lokaci a wurare uku. A kan lanƙwasar IEC ta yau da kullum, wato ƙa'idar da ke rage jinkirin rile gwargwadon yawan wuta, idan ma'aunin lokaci yana kan 1, ninki biyu na saiti yana ba da kusan daƙiƙa 10, ninki biyar 4.3, ninki goma kuma daƙiƙa 3. Idan ma'aunin yana kan 0.1 sai a raba kowanne da goma, a sa ran daƙiƙa 1 da 0.43 da 0.3. A maimaita kowane gwaji sau uku a kowane fes, saboda rilen da ake zargi da rashin tabbas yana iya cin gwaji ɗaya, abin nema shi ne ko yana ba da amsa iri ɗaya kowane karo, a kuma gwada sakamakon da iyakar kuskuren da takardar rilen ta yarda da ita.

A rile mai faifai, a duba ko faifan yana komawa mazauninsa gaba ɗaya idan an sake shi, a cire ƙura da ɓurɓushin ƙarfen da ke maƙalewa a bakin maganaɗisu, a goge makullan da ɗan ƙarfen gogewa da aka yi don su. Takardar yashi tana cinye azurfar da ke kansu, a nisance ta. A rilen zamani a duba koriyar fitilar lafiya da saƙonnin kuskuren da yake ajiyewa. Idan allonsa yana ɗaukewa yana dawowa da tsakar rana ko lokacin da bireka ta buga, kuma an riga an tabbatar da batir, to sashen wutar cikinsa ne zafi ya gajiyar, wannan kuwa canji yake so. Idan za a gwada rufin wayoyin fanel da mega mai bolt 500, a fara zare su daga jikin rilen zamani.

Gwajin ƙarshe shi ne a mayar da mahaɗin umarni, a sake zuba wutar gwaji da caja a kashe, a ga birekar ta faɗi da gaske daga umarnin rile. Sannan a buɗe ƙarafan da aka haɗe bakin CT da su ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa, a cire wayoyin atin, a mayar da takardar izini, a kunna layi, a sake auna fes uku da wayar dawowa a kan lodi. A injin shinkafar nan mun tsaya har aka tayar da injin na biyu da na uku, allon rile yana nuna kusan amfiya 14 a kowane fes, sashen ƙasa kuma bai motsa ba. Na manna takardar saiti da sakamakon gwajin a cikin ƙofar fanel, na rubuta wa mai kula da injin ranakun da zai riƙa auna batir, muka kuma tsayar da watan Mayu, kafin saukar ruwan farko, don wanke tangaran da sake gwada birekar.